Albashina na shiga tukunya, ni kuma ana ce mini raguwa

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni malamar firamare ce a garin Tawa, shekarata 6 ke nan a kwantiragi. Bana CE1, wato aji uku, aka ba ni, yara 84, ajin kuma na zana ne. Maigidana yana Abijan wajen biɗa, sai shekara-shekara yake zuwa. Ina zaune gidansu tare da uwarsa da faccalolina biyu da ƴaƴana uku, ƙaramin watansa 8. Kafin kiran assalatu nake tashi. Ranar girkina in ɗora tukunya in tafi lakwal, in dawo da rana in ƙarasa, dare ya yi ga duban kayen yara ga fish ɗin gobe, wato takardar shirin darasi. Abin da nake ɗauka jika 75 ne, in ya zo. Tun da na fara aiki maigida ya rage aike, wai ai Madam na nan. Cefane ni, magani ni, kuɗin wuta ni, gudummawar biki ni. Duk da haka Inna cewa take yi na fi ƙarfin taɓarya, tafiya nake yi in zauna inuwa ina hira da yara a ba ni kuɗi. Jiya na daki wani yaro a aji ba don wani babban laifi ba, na dawo gida na yi ta kuka. Akwai wata yarinya ƴar shekara 10 da aka kawo mini daga ƙauye, ita ke riƙe mini jaririn a gindin bedi har a tashi, ba don ita ba da ban san yadda zan yi ba. Gwaggo, in aje aikin in huta, ko in yi yaji?

Wata malama, daga Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da ƙoƙari, sannu da ƙurar alli.

Kada ki aje aikin, kada kuma ki ɗaure kayanki. In kika aje, jika 75 ɗin ce za ta tafi, gorin yana nan daram. Kina kawowa ma an ce miki raguwa, ina ga ranar da hannunki ya bushe? In kuwa yaji kika yi, kwana uku za a yi a turo dattijo biko, iyayenki su ce ki yi haƙuri ki koma ɗakinki, ki tarar da tukunyar nan inda kika bar ta, an kuma ƙara miki suna mai yaji.

Shekara 6 a kwantiragi ba abin yadawa ba ne. Tun wajen 1998 da aka fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka koma ƴan kwantiragi, gwamnati ta samu hanyar cika azuzuwa da malamai a kan kuɗi kaɗan, shi ya sa ko sunan albashi ba a ba abin da kuke ɗauka ba, pekil ake ce masa. Waɗanda suka riga ki sun ga jarrabawar watan Yulin 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, wadda ta raba dubban malamai da alli. Ke kina ciki, kina kan layin samun lambar aiki. Layin na da tsawo, na sani, amma wanda ya fita daga layi in ya dawo baya yake komawa.

Ciwon gidanku guda ne: an karɓi kuɗin aikinki, ba a karɓi aikin ba. Kuɗin ana ganinsa a cikin miya. Aikin kuwa can bayan zana ake yin sa, ba wanda ya taɓa leƙawa.

Kuma kafin ki yi wa Inna hukunci, ki dubi hannunta. Matar Adar ce. A saninta aiki shi ne abin da ke sa kanta a tafin hannu: surfe, daka, jan guga a rijiya mai zurfi, itace a ka. Da wuya in ba ita ma haka ta rayu ba, miji na can bakin teku ita tana nan da yara da uwar miji, domin tafiya biɗa a ƙasar nan ba yau aka fara ta ba. Sai ga matar ɗanta ta yi wanka da safe, ta ɗaura atamfa mai guga, ta rataya jaka ta fita. Me kike so ta ce? Ba lalle mugunta ba ce. Ba ta taɓa tsayuwa gaban yara 84 ba.

Ni ma an yi mini irinsa. Shekarata ta uku da fara koyarwa, uwar mijina, Allah Ya ji ƙanta, kullum na dawo sai ta ce "ƴan hutu an dawo". Na yi bayani har na gaji. Ran nan na tafi da makullin rumbu a jakata bisa mantuwa, dole ta biyo ni lakwal. Ta iso ana tsakiyar darasin lissafi. Yaro ɗaya ya yi fitsari a zaune, biyu na kokawa a kan guntun alli, wata na kuka an sace mata dala biyar ɗin ƙosai, ni kuma ina gaban allo muryata ta dushe kamar ta zakaran da mura ta kama. Ta tsaya bakin ƙofa, hannu a haɓa, ba ta ce komai ba. Na miƙa mata makulli ta juya. Da yamma na shigo, sai na ji ta tana ce wa maƙwabciya ta kan katanga, "ashe kiwon awaki ya fi wannan sauƙi, su ko banza ba su kai ƙara." Ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, tsofaffi ba su yin haka. Amma daga ranar, in na dawo da rana, nakan tarar da furata an dama an rufe da faifai.

To ki nemi dalilin da zai kawo Inna lakwal ɗinku, ba da sunan ta zo ta gani ba. Ki bar zanen goyo a gida da gangan. Ko ki ce taron iyaye mata ake yi, kina son ta wakilci gidan. Ki bari ta iso wajen ƙarfe 11, rana ta take, yunwa ta fara cin yara. Abin da idonta zai gaya mata cikin ɗan lokaci, bakinki ba zai iya ba a shekara.

Maganar kuɗi ta fi wannan nauyi, kuma ba da Inna za a yi ta ba, da ɗanta za a yi. Ke da kike cika rajistar kira kullum safe, rubutu ba zai gagare ki ba. Ki samu kaye guda, wata ɗaya cur, duk dalar da ta fita daga hannunki zuwa gidan nan ki rubuta ta da ranarta: tiyar hatsi, kuɗin niƙa, magi da mai, gawayi, maganin hawan jinin Inna in tana sha, kuɗin kabu-kabu zuwa likita da dare. Kada ki ƙara, kada ki rage. Na tabbata ke kanki sai kin riƙe baki in kika haɗa jimla.

Sannan ki kira maigida. Ba saƙon murya na WhatsApp ba, wanda za ki yi cikin fushi ya saurara a tsakiyar abokansa, ko ya tura wa ƙanwarsa. Kira, da dare, ranar da ba ku yi faɗa ba. Ki fara da tambayarsa kasuwa, kuma ki saurari amsar da gaske. Mu da ke gida mukan ɗauka a Abijan tsintar kuɗi ake yi, alhali wani yini yake da kaya a ka cikin rana, dare ya kwana su takwas a ɗaki. Wataƙila rage aiken nan rabi sakaci ne, rabi babu ce da yake jin kunyar faɗa. In ya gama, ki karanta masa kayen nan tiryan-tiryan, ba gori a muryarki.

Hukuncin addini a nan ba ɓoyayye ba ne, shi ma ya sani. Ci da sha da sutura da wurin kwana a wuyan miji suke, ko da matar ta fi shi samu. Abin da mace ta nema da guminta nata ne, aya ta 32 da ta 34 a Suratun Nisa'i sun isa shaida. Abin da kika zuba a tukunya alheri ne kika yi, ba bashi kika biya ba. Amma ban ce ki ɗaga masa aya kamar sanda ba. Ki riƙe ta a ranki, don ki yi magana ba da muryar mai roƙo ba.

Abin da za ki nema a wurinsa yanka ne: kaza nasa, kaza naki. Hatsi da shinkafa da wuta da maganin tsohuwa su koma kansa shi da ƴan'uwansa, tunda matansu da ƴaƴansu ma a tukunyar nan suke ci. (Ina mamakin yadda takardarki ba ta ambaci mazan faccalolin naki ba ko sau ɗaya. Su aljanu ke ciyar musu da iyali?) Kuɗin hatsin ma kada ya biyo ta hannunki. Ya tura ta Nita ko Al Izza kai tsaye ga ƙaninsa ko mai shagon da kuke ɗaukar kaya, a kawo buhu a sauke tsakar gida kowa ya gani. Ke kuma ki yanke abin da za ki iya, jika 15 ko 20, ki kai wa Inna da hannu biyu duk ranar da aka biya ku, ki ce "Inna ga nawa, a sa mana albarka." Abin da aka miƙa a fili ana ƙirga shi. Wanda ya zurare dala-dala wajen mai tebur, ko jika 50 ne, ba wanda ya gan shi.

Sauran kuma kada ya kwana a ɗakinki. Ki shiga adashe da malaman lakwal ɗinku, ba da matan unguwa ba. Dalili, ku rana ɗaya ake biyan ku: in pekil ya yi jinkiri, kowa ya sani, ba wadda za ta zo miki sallama da asuba. A cire zubin tun kafin ki hau kabu-kabun gida.

Girki kuma a sake masa tsari. Ki zauna da faccalolinki, ku uku, ba a gaban Inna ba. Su ɗauke miki ranakun lakwal, ke ki ɗauki Asabar da Lahadi, ki kuma ɗauki kaso mafi yawa a babban hutu, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da su damina ta sa su gaba. Ki ɗora da abin da ke hannunki wanda su ba su da shi: bayan magariba ki tara yaran gidan duka a tabarma ɗaya, naki da nasu, rabin awa na karatu. Mutane kuɗi suke biya a yi wa ƴaƴansu wannan. Lahadi kuma da ma ranar babbar kasuwar Tawa ce, ki yi cefanen mako gaba ɗaya, albasa da kauɗa da kuka da daddawa, ki huta da aiken yaro kullum.

Yanzu mu shiga aji. Kaye 84, in kowanne ya ci miki minti 2, minti 168 ke nan, kusan awa uku, a daren da jariri zai tashe ki sau biyu. Wa ya ce dole sai kin kwaso su gida? Abin da aka koya muku a makarantar horon malamai, ko Kaocen ta nan Tawa kika yi ko wata, ki koma masa. Dabarar Lamartiniyar don irin ajinki aka yi ta: ki yi tambaya, kowa ya rubuta a ɗan allonsa, ki buga tebur su ɗaga gaba ɗaya, da kallo guda kin ga wanda ya gane da wanda ya ɓata, a goge a ci gaba. Kayen kuma ki raba ajin layi biyar, kowace rana layi ɗaya, kaye 17 ko ƙasa da haka, ki duba su nan cikin aji lokacin da suke kwafe abin da ke babban allo. Ga kayen zagaye, wanda yau wannan yaro zai yi aiki a ciki gobe wancan, duk mai son ya san inda ajin ya kai ya buɗe shi ya gani. Fish kuwa ba a sake haihuwarsa kowace shekara. Ki adana na bana a leda, ki raba darussa da mai ɗayan CE1 ɗin in kuna da shi, ita ta shirya lissafi ke ki shirya karatu, ku yi musaya. Taron CAPED ma, inda malamai ke haɗuwa su ƙara wa juna sani, amfaninsa ke nan, ba zuwa a sa hannu a watse ba.

Na taɓa kai wa mai duba malamai kaye da ɗigon miyar kuɓewa a shafin farko, don da hannu ɗaya nake tuƙi da ɗaya nake jan bik ja. Ya dube ni, ya dubi miyar, ya ce wannan maki nawa ta ci. Tun ranar na daina kai kayen mutane kusa da murhu.

Yaron da kika daka, ba zan ce miki ba komai ba, don ke ma kin san da komai, shi ya sa kika yi kuka. Bulalar Inna ce da ta maigida ta sauka a bayansa. Gobe ki kira shi gefe, ba gaban aji ba, ki ce "ran nan na yi maka ba daidai ba." Ba zai raina ki ba. Guntun tiyon nan ko tsumagiyar da ke kan teburinki, ki kai ofishin darakta ki baro ta can, abin da ba ya kusa da hannu kafin a ɗauko shi zuciya ta sauka. In kika ji abin ya taso miki, ki sa su waƙa, ki taka zuwa bakin ƙofa ki sha ruwa. Kuma ki je likita a auna jininki. Mace mai shayarwa da ke barcin awa huɗu, ta fita ba ko kunu a cikinta, ta yini tana ɗaga murya cikin ƙura, jikinta na iya ƙarewa ba ta sani ba. In kukan nan ya zame miki na kullum, ko barci ya ƙi zuwa ko kin samu sarari, ki faɗa musu wannan ma, kada ki ce kunya.

Tunda kin ce ajin zana ne, ki yi haƙuri in tuna miki abin da ba mai son tunawa. A watan Afrilun 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar aka sake yi a Maraɗi, waɗanda suka rasu sun haura 20. Ki tabbata ajinki na da mafita biyu, ba benci a bakinsu. Ki dubi inda mai ƙosai ke hura wutarta da inda iska ke kaɗawa. In akwai gyara, ki kai wa darakta da kwamitin kula da lakwal, wato CGDES, ki kuma sake kaiwa in sun manta.

Saura magana ɗaya, wadda ba ki tambaye ni ba. Kin rubuta ta a layi biyu kin wuce, ni kuwa a nan na fi daɗewa.

Yarinyar da ke gindin bedi. Shekararta 10. Tun safe har a tashi tana jijjiga ɗanki, zana ɗaya ce tsakaninta da ajin da kike koya wa ƴaƴan wasu karatu. Kin ce ba don ita ba da ba ki san yadda za ki yi ba, amma ba ki ce tana karatu ba, ba ki ce me ake ba ta ba, ko iyayenta me aka yi musu alkawari. Ɗiyata, abin da kike kuka an yi miki, shi ne ake yi wa yarinyar nan a hannunki: ana cin moriyar aikinta, ba a ƙirga shi. Ban faɗa don in ƙara miki nauyi ba. Kusan dukanmu mun yi, ni ma na yi, kuma tawa ƴar rainon har aka yi mata aure ba ta iya rubuta sunanta ba. Yau in ta kawo mini takardar likita in karanta mata, ƙasa nake kallo.

Ke kina da sauran lokaci. Zana ba ta tare murya, ki gwada ta ki gani, zan yi mamaki in ba ta haddace waƙoƙin ajinki da ƙirga ba. Ki shimfiɗa mata tabarma daga ciki, kusa da ƙofa, in jariri ya yi barci ta ɗauki allo. Ki fara mata da baƙaƙe cikin Hausa, harshen da take mafarki da shi, wanda tun watan Maris na 2025 shi ne harshen ƙasa, faransanci ya biyo baya. Ki tambaya a ofishin masu duba makarantu inda ajin paserel yake kusa da ku, irin wanda ake buɗe wa yaran da shekarun shiga CI, wato ajin farko, suka wuce su, a yi musu karatun gaggawa sannan a zuba su cikin lakwal. Ke malama ce, kin san tun Disambar 2017 akwai dokar da ta ce a riƙe ɗiya mace a makaranta har shekara 16. Ba ta ware ƴan raino ba.

Za ki ce to wa zai riƙe yaron? Kafin komawar Oktoba mai zuwa ya fara tafiya, ya fara cin tuwo. Ki kai wa Inna shi, ki durƙusa ki ce "Inna ga mijinki nan, ni ya fi ƙarfina, sai ke." Ban taɓa ganin kakar da aka ba jika da irin wannan lafazi ta mayar ba. Za ta yi mita, za ta ce angon nan ba ya kawo cefane, amma za ta goya shi. Kuma matar da ke riƙe da ɗanki don ki je aiki, da wuya ta ci gaba da cewa ba aiki kike zuwa ba, don ta zama tana da hannu a ciki.

Kiran maigida ki bari sai kayen cefane ya cika wata. Zama da faccaloli ki bari sai Asabar. Amma allo da alli na yarinyar nan, gobe da safe ki tsaya wajen mai tebur ɗin bakin lakwal ki saya, ki rubuta mata baƙin farko na sunanta a sama ki ce ta cika allon da shi kafin yaron ya farka.

Ki gaida Inna.

Gwaggonku